Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Ƙafar Min da Nono

Na warke, alhamdu lillahi, yaron ma ya murmure har cinyarsa ta fara ninkewa. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, duk wadda ta zo duba ni ta ji ciwon nono na yi, sai ta ce ai ita ma ta yi, ta kama ba ni labarin nata, nawa ya tsaya min a maƙogwaro. To yau sai na faɗi nawa, ko wata mai cikin fari za ta karanta ta kiyaye. Mu uku muka haɗu muka ƙera wannan ciwon, ni da maigidana da mahaifiyarsa, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinmu.

Sunana Asma'u, ina koyarwa a firamare, muna haya a Ɗan Iya, gida mai ɗaki biyu da falo. Maigidan, Nasiru, yana aiki a sakatariya. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, don haka da haihuwa ta matso ba a yi maganar tafiya gida wankan jego ba. Hajiya, mahaifiyarsa, ita ta ce za ta zo ta zauna da ni har arba'in. Ta iso daga cikin gari da ƙatuwar tukunyarta, da ƙullin kanwa, da dakakken yaji mai sa mutum atishawa tun daga zaure. Na yi murna ƙwarai, don Hajiya mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Mu a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka ba ki zabura kamar wadda ta damu da shi. Ki zauna ki dake, sai babba ya ce miki, tashi mana ki ba shi ya sha. Haka na ga yayyena sun yi, haka goggonnina suka yi ta nanata min a waya. Sai kuma ranar suna aka mayar wa yaron sunan marigayi Alhaji, mijin Hajiya, ana kiransa Abba. Kunyar ta zama biyu ke nan, ga ta ɗan fari ga ta suruki. Ni da nake tsayawa gaban aji in yi ta surutu har a tashi, a gaban Hajiya sai na koma kurma. Sunan yaron a bakina ya zama “wannan”. Ita kuwa Hajiya “maigidana” take ce masa, tana yi masa tsiya wai ya dawo duniya ba ko kuɗin cefane.

Shi Nasiru nasa ciwon daban ne. Tun cikin yana ƙarami ya zama malamin jarirai a waya. Kullum ya dawo aiki da sabon abin da ya karanto, har ya ci karo da maganar cewa uwa tana iya danne jaririnta cikin barci. Daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don ni barcina sananne ne. An taɓa yin iskar da ta yaye kwanon maƙwabtanmu, ni sai da safe na ji labari. Ya tafi Fadaman Mada ya sa kafinta ya yi wa jariri gado mai shinge. Ban san awon da ya ba shi ba, amma gadon da aka sauke daga keke, ɗan shekara bakwai zai yi juyi a ciki. Aka yi aka yi ya shiga ɗakina, ya ƙi, saboda gadona da sif da madubi sun cinye wurin. Sai aka kai shi ɗaya ɗakin.

Daga nan lissafin ya tafi da kansa. Gado yana wancan ɗakin, dole jariri ya bi gado, dole Hajiya ta bi jariri. Nasiru ya koma falo da katifarsa. Ni da ke ɗauke da abincin yaron aka bar ni a ɗakina ni kaɗai, wai in huta.

Kafin suna ba a fara wannan tsarin ba, gida cike yake da mutane, yaron yana gefena, yana sha yana ƙoshi. Washegarin suna ne Nasiru ya durƙusa gaban Hajiya ya yi mata bayanin abin da masana suka ce. Ina jinsu daga ɗaki. Hajiya ta ce to, ku ne 'yan boko. Ni a zatona tana jin daɗin kwana da jikanta ne. Ita kuma, kamar yadda na gane daga baya, ta ɗauka ni na aiko shi, malamar makaranta mai son barcinta.

Makon da ya biyo baya ban yi barcin kirki ba, ni da ake tsoron nauyin barcina. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Yaro zai fara ƙananan kuka, sai in ji ƙirjina ya amsa, rigata ta jiƙe. In tashi zaune in gyara, ina jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Sai in ji Hajiya tana jijjiga shi tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, sannan in ji ƙarar cokali a kofi. Ruwan ɗumi take ba shi, wani lokacin da ɗan zamzam, don kada ta tashi mai jego. Sai kukan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa take kawo shi, tana ba ni haƙuri. Ni kuma in karɓe shi a yatsine kamar an dame ni, saboda haka tarbiyya ta ce.

Da rana ma ba ta canja zane ba. Baƙi suna shigowa barka, Hajiya tana riƙe da shi. In aka miƙo min shi, sai in juya wa ɗakin baya in ba shi a gurguje, da na ji takun silifas ɗin Hajiya sai in zare masa tun bai ƙoshi ba. Wata goggon Nasiru ta ga haka ta yaba min a gaban mutane, ta ce rabon da ta ga yarinya mai alkunya irina tun zamaninsu. Yabon nan ya shige ni sosai, ya ƙara min taurin kai.

A mako na uku nonon hagu ya fara ciwo. Ya cika ya yi tauri, gefe ɗaya ya yi ja, ko zane ya taɓa shi sai na cije leɓe. Yaron kuma ya zama mai rigima, ya kama ya saki, ya kama ya saki, ya fashe da kuka. Fuskarsa da ta fara cikowa ta koma tsini, har ya fara kama da Alhajin da aka yi masa takwara a hoton fasfo. Ban faɗa wa kowa na lura ba, don lura ma nuna damuwa ne.

Nan fa masu shawara suka buɗe kasuwa. Wata ta ce a riƙa taje nonon da matajin kai daga sama zuwa ƙasa. Wata ta ce kanwar kunun ta yi kaɗan, aka ƙara har harshena ya daina jin ɗanɗano. Wata ta ce ruwan wankan bai kai zafi ba, Hajiya ta ƙara itace, ta riƙa fyaɗa min ganyen dalbejiya ina kiran sunayen Allah waɗanda ban san na haddace ba. Goggona ta Azare kuwa ta bugo waya ta yanke hukunci, ta ce mugun nono ne, a gwada shi da tururuwa.

Ga wadda ba ta sani ba, ana tatsa nonon a ludayi ne a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da ranta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, nonon ne ke cutar da yaro. Hajiya ta sa Nasiru, mai digiri da katin shaidar aiki a wuya, ya tsugunna gindin bango yana farautar tururuwa. Ta farko da aka jefa ko motsi ba ta yi ba. Nasiru ya ce ba a yi adalci ba, shi ya matse ta wajen kamawa, gawa aka jefa. Ta biyu ta yi iyo ta haye bakin ludayi ta kama gabanta. Aka ce a kawo ta uku ta raba gardama, ita kuma ta cije shi a yatsa ta gudu tun ba a kai ta kotu ba. Bayan doguwar muhawara aka tsaya a tsakiya, a hutar da nonon hagu, a ci gaba da na dama, a cike giɓin da madarar gwangwani. Duk cikin abubuwan da aka yi min, wannan hutun ne ya fi yi min illa.

Madarar a shagon Maman Emeka ake saye, wata Inyamura da ke bakin layinmu, ta fi shekara ashirin a Bauchi, ta san cikin kowane gida. Da ta ga Nasiru ya sayi gwangwani na biyu da fida, kwalbar shayar da jariri, sai ta rufe shago ta shigo. Ta same ni ni kaɗai, Hajiya tana bayan gida tana hura wuta. Ta kalli gabana ta kalli gwangwanin.

“Amarya, kai kana da nono kamar tulu, kana sayen madara? Ina yaro yana kwana?”

Na ce a ɗakin Hajiya.

“Hajiya ne yana da nono?”

Na yi dariya har ciwon ya soke ni. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta saurara da baki buɗe. Ta ce ita 'ya'yanta biyar duk a haƙarƙarinta suka yi wayo, kuma da uwar mijinta ta taɓa ɗaukar mata jariri da dare, da unguwa ta ji su. Ta miƙe za ta je ta yi wa Hajiya magana, na riƙe mata zane ina roƙonta da Allah da Annabi. Ta tafi tana girgiza kai, tana cewa ita ribarta take ci, amma wannan cinikin ba ya mata daɗi.

Zazzaɓi ya rufe ni a mako na huɗu. Sanyi ya riƙa kaɗa ni da tsakar rana, haƙorana suna haɗuwa. Kowa ya ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis, na sha, ba abin da ya ragu sai kuɗin Nasiru. Nonon dama da aka bar wa aikin shi kaɗai ya fara ja da baya, in na matsa sai ɗan ɗigo. A nan tsoro na gaske ya kama ni. Na san matan da nononsu ya ƙafe tun kafin arba'in bai dawo ba, na kuma san albashinmu ba zai iya da gwangwani har yaye ba. Ga yaron kullum ƙara sauƙin ɗauka yake.

Ranar awo muka tafi asibiti mu huɗu. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai waɗanda suka kyauta min a ciki, akwai waɗanda na bar su da Allah. Mun fita da sassafe a keke napep, mai keken kuma kamar an biya shi ya gaisa da kowane rami a hanya, kowane rami a nonon hagu nake jinsa. Muka tarar da benci ya cika, mata har bakin baranda. Mai ba da kati ya tafi karyawa. Da ya dawo ya ce bai ga katinmu ba, sai an sake yankar wani, bayan mun biya sai ga tsohon ya fito daga ƙarƙashin kwanon ƙosansa. Rana ta take sosai kafin a kira mu.

Nas ɗin da ke awo ta ɗora yaron a sikeli, ta duba katin haihuwarsa, ta sauke shi ta sake ɗorawa. Ta ce yaron nan ko nauyin da aka haife shi da shi bai mayar ba. Ta taɓa maɗigarsa, sannan ta ɗago ta kalle ni da kyau, ta kai hannu goshina. Nan take ta ja mu ta tsallake layi ta kai mu ɗakin likita, matan benci suna ta ƙunƙuni a bayanmu. Wannan baiwar Allah ina yi mata addu'a har gobe.

Likitar babbar mace ce, 'yar wajen Bogoro, mai furfura a gaban goshi, Hausarta tas. Ta duba ni bayan labule, da ta taɓa wurin sai da na yi ƙara. Ta ce sunan abin mastaitis, nono ne ya taru ba a kwashe ba har ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Ta dawo kujera ta fara tambaya. Sau nawa yake sha da rana, sau nawa da dare, me ake ba shi ban da nono, a ina yake kwana. Duk tambayar da ta yi min, sai in sunkuyar da kai Hajiya ta amsa. Can ta ajiye biro ta ce ita fa har yanzu ba ta gane wadda ta haifi yaron ba a cikinmu.

Nasiru ya karɓi bayani, ya kawo maganar gado da danne jariri. Likitar ba ta yi masa dariya ba. Ta ce tsoronsa yana kan hanya, abin yana faruwa, amma masu cewa a sa jariri a gadonsa, a gefen uwar suke nufi, inda hannunta zai kai, ba a wata unguwa ba. Sannan ta gyara zama ta yi mana wani karatu da har yau yake kaina.

Ta ce dabbobi masu shayarwa kashi biyu ne. Akwai masu ɓoye ɗa su tafi kiwo, kamar zomo da barewa. Nononsu kauri gare shi da maiƙo, ɗan ya sha sau ɗaya ya kwanta shiru har uwar ta dawo. Akwai kuma masu yawo da ɗansu manne a jiki, su nononsu tsinkakke ne, ba ya daɗewa a ciki, sai dai a sha kaɗan-kaɗan dare da rana. Ta ce mu 'yan Adam a kashi na biyu muke. Ɗan maraƙi ranar da aka haife shi yake miƙewa ya bi uwarsa, namu kuwa ana haifarsa ne bai gama nuna ba, ko kansa ba ya iya riƙewa, a jikin uwa yake ƙarasawa. Tun mutane suna kwana a fili, ba ɗaki ba ƙofa, jaririn da aka ajiye shi kaɗai na kura ne, shi ya sa har yau in ya farka bai ji uwarsa ba yake tsala ihu, shi bai san an ƙirƙiro kwano da siminti ba. Ta ce shi kuma nono kamar rijiya yake, ɗiba ce ke kawo shi, kuma tsotson dare ya fi kowanne kira.

Da ta tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai ta juya ga Hajiya tana murmushi.

“Mama, kin taɓa zuwa Yankari? Kin taɓa ganin gwaggon biri ta ba kakar ɗanta shi ta tafi wata bishiya ta kwana?”

Hajiya ta gyara mayafi ta ce ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba ta da dangi a can.

Likitar ta rubuta allurai da ƙwayoyi. Ta ce a daina ruwa, a daina zamzam, a janye madara a hankali, a mayar da yaron kan nonon hagu ko da zan yi kuka, don shi ne zai kwashe abin da ya taru, kuma ba zai cutar da shi ba. Ta ce ya kwana inda nake. In a gado ɗaya ne, katifa mai tauri, a rigingine, ba filo kusa da shi, ba bargo mai nauyi, ba mai shan taba a ɗakin, kada in sha maganin da ke sa barci, kada kuma in kuskura barci ya ɗauke ni da shi a kan kujerar kushin. Ta ƙare da cewa in muka dawo mako mai zuwa ba canji, ni za a tsaga nonon a fitar da mugunya, shi kuma za a ba shi gado a ɗakin yara.

Muka hau keke muka kamo hanyar gida. Da muka kusa, sai Hajiya ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ita dai ta haifi bakwai ta aurar, yau ga shi an kawo ta asibiti an biya kuɗi an ce jikanta biri ne, mai sunan Alhaji guda. Nasiru yana gaba kusa da mai keke, ina ganin kafaɗunsa suna rawa yana danne dariya.

Mai karatu zai ɗauka daga nan magana ta ƙare, tunda likita ta faɗa da bakinta a gaban kowa. To ba ta ƙare ba. Da magariba ta yi, Hajiya ta yi wa yaron wanka ta shafa masa mai ta wuce da shi ɗakinta kamar kullum. Na kira Nasiru na ce ya je ya yi mata magana. Ya ce ai ni ce uwar yaro. Na ce ai shi ne ɗanta, kuma shi ya kawo gadon. Ya shiga ɗakin da ƙarfinsa, ya jima, ya fito yana sosa ƙeya. Na tambaye shi yadda suka yi, ya ce sun tattauna batun gyaran rijiyar gidansu na cikin gari.

Haka muka ƙara kwana biyu. Ina zuwa allura, ina shan magani, da rana ina ba shi na hagun ina hawaye a fakaice. Zazzaɓin ya ɗan sassauta amma taurin yana nan, har wurin ya fara sheƙi. Madarar ma an ƙi janyewa, don da dare ba abin da za a ba shi sai ita. Kowa a gidan ya san abin da ya kamata a yi, kowa yana jiran wani ya fara.

A dare na uku, bayan isha'i kaɗan, ina zaune a bakin gado na ji ya fara kuka. Ba irin kukan da ba ne mai tsaga kunne, wani siriri ne, kamar na wanda ya gaji da roƙo. Sai na ji Hajiya tana girgiza fida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ko ɗankwali ban ɗaura ba, na ratsa falo ta gaban Nasiru, na ɗaga labulen Hajiya ba sallama. Tana zaune a kan darduma da shi a cinya. Na buɗe baki na ce:

“Hajiya, ɗana na zo ɗauka. Yunwa yake ji. A wurina zai riƙa kwana.”

Har shi mai kukan ya saurara. Ina jiran ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta ɗago ta daɗe tana kallona, sannan ta ajiye fidar a gefe ta miƙo min shi da hannu biyu.

“Ungo abinki, marar kunya. Tun washegarin suna nake jiran ki buɗe bakin nan. Ni in na kawo miki shi da kaina, cewa za a yi na gaji da jikana. Rabona da barci har na manta kamanninsa.”

Na karɓe shi na juya zan fita, ta ce in zauna a nan in ba shi, ba inda za ni. Na zauna a gabanta, ban juya baya ba, na sa shi a na hagun. Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa, amma ya kama da ƙarfi, ina jin yana haɗiya. Hajiya ta zuba mana ido. Can ta ɗauki carbinta, ta yi magana a hankali kamar da dardumar take.

“Da na iya faɗin abin da kika faɗa a zamanina, da Nasiru yana da yaya mace. Jikinta ya yi zafi a hannun uwar Alhaji, na gani, na ji nauyin in ce na gani.”

Ta ci gaba da jan carbi. Ni kuma hawayena suna sauka a kan yaron.

Daga daren ya dawo gefena. Barcin nan nawa da ake tsoro, ko yatsa ya motsa sai na farka, wani lokacin ma kafin ya motsa. Cikin 'yan kwanaki taurin ya saki, jan ya baje, na dama ya dawo da ƙarfinsa har yana ƙware shi. Da muka koma asibiti ba a tsaga ni ba, sikeli kuma ya motsa. Likitar ta tambayi lafiyar Mama, na ce tana gaishe ta, wanda ba gaskiya ba ne.

Ga masu cikin fari, abin da zan ce kaɗan ne. Jaririnki ya kwana inda hannunki zai kai gare shi, kuma ki kiyaye sharuɗɗan da likitar nan ta lissafa, don tsoron Nasiru ba shirme ba ne. Nono in ya yi tauri ba a hutar da shi, in zazzaɓi ya biyo baya a tafi asibiti, a ƙyale tururuwa ta yi harkarta. Kunya kuma ki yi ta a suna da wasa da yabo, ban hana ki ba, ni ma har yau ban iya kiran sunansa. Amma ban da abincinsa.

Ina godiya ga nas ɗin awo, da likitar, da Maman Emeka da ta yi murnar rasa ciniki. Mai katin nan kuwa da kafintan da bai tambayi faɗin ɗaki ba, na yafe musu amma ban manta ba. Hajiya ta cika arba'in ɗinta, ta gasa ni yadda ya kamata, ta koma cikin gari da tukunyarta. Ba mu sake tayar da maganar daren nan ba.

Bayan ta tafi na tambayi Nasiru sunan yayar tasa. Ya kalle ni da mamaki, ya ce shi bai ma san an yi ta ba, a saninsa shi ne babba. Ya kira ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓa ji. Shekara arba'in da wani abu ke nan, Hajiya ba ta taɓa kiran sunan yarinyar a gaban kowa ba, saboda 'yar fari ce.